Sunan Perina a Jikin Dutse

Mai sassaƙa bai gama wanke dutsen ba, Malam Vicko Radonić ya iso bakin tashar jiragen ruwa da sandarsa. Ya bi sunayen da yatsa daga sama har ƙasa, kamar yadda yake bin takardun ɗalibai kafin ya yi ritaya. Ga kwamanda, ga masu tuƙi, ga masu igwa, har da mai kula da rediyon da duk tsibirin ya san barci ya yi ta sha har yaƙi ya ƙare. Babu Perina.

Ranar bikin gari za a buɗe dutsen, don tunawa da rundunar ruwan da ta tsare wannan yanki na gaɓar Dalmatiya a Yaƙin Duniya na Biyu. Runduna ce ta jiragen kamun kifi da aka ɗaura wa bindigogi, kuma duk wanda ya yi aiki a cikinta ya rasu. Malam Vicko ya san in aka yaye ƙyallen da za a lulluɓe dutsen da shi babu sunanta, shi ke nan, an binne ta karo na biyu.

Bai ƙwanƙwasa ƙofar shugabar gari ba. Zorka Matulić ɗalibarsa ce a da, kuma a ganinsa har yanzu ba ta fita daga ajinsa ba.

"Miƙe zaune, Zorka. Wa ya tattara miki sunayen nan?"

"Kwamiti ne, Malam. Ka zauna mana, a kawo maka kofi."

"Kwamitin da ya manta da Perina ba zai shayar da ni kofi ba."

Sai ya fara jero mata, yana buga sanda a ƙarshen kowace magana. Duk inda rundunar ta yi ƙaura, da Perina aka yi, kuma ba ta taɓa yin amai a jirgi ba, abin da kwamandan kansa ba zai iya bugun ƙirji da shi ba. Tana hawa dutsen bayan gari ba igiya, inda samari ke rarrafe. Ranar da abokan gaba suka faɗo wa hedikwata, taswirar hanyoyin jirage tana kan tebur. Kowa ya gudu, ita ta tsaya, kuma kafin su shigo ɗakin ta gama da taswirar, ko ƙyallin takarda ba su gani ba. Suka ɗaure ta, suka yi ta daka mata tsawa, ba su ji kalma ɗaya daga bakinta ba. Da suka kwance ta a bakin ruwa kuwa, ta tunkuɗa hafsansu cikin teku da hularsa da komai.

"Kuma ni ne shaida," in ji shi, muryarsa ta ɗan sauka. "Bam ya kashe mahaifiyata ina jariri. Nonon Perina na sha na rayu. Kwamanda da kansa ya ba da umarni a ware mata rabonta na abinci kamar kowane soja."

Idanun Zorka suka ciko. Ta ce haka tarihi yake yi kullum, a rubuta maza a bar wasu a baya. Ta tambayi sunan danginta.

"A gidanmu ta tashi. Sa Radonić."

"Akwai hotonta?"

"Ba ta tsayawa wuri ɗaya a ɗauke ta."

"To yaya kamanninta, ko mu sa a zana?"

"Gajeruwa ce, mai taurin kai, ga ɗan gemu."

Zorka ta yi tari, ta ce a bar maganar zanen.

Washegari mai sassaƙa ya dawo yana gunaguni, ya matsa wa sunan wuri a ƙarƙashin na kwamanda. Zorka ta kira 'yan jarida daga birnin Split, ta gayyaci ƙungiyar mata ta gunduma. Malam Vicko bai ga abin da ya haɗa ƙungiyar mata da wannan magana ba, amma shi ba ya hana kowa zuwa taro.

Ranar biki ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci. Aka busa ƙaho, aka yaye ƙyalle, limamin coci ya yayyafa wa dutsen ruwa. Shugabar mata ta yi dogon jawabi a kan jarumar da ta riƙe sirri a gaban bindiga. Malam Vicko ya gyaɗa kai. An ɗan yi ƙari, amma da jarrabawa ce da ya ba ta maki mai kyau. Har ya bar Zorka ta riƙe masa hannu zuwa inuwar zaitun, inda aka shirya walima.

Can ya tsaya cak. Hayaƙi yana tashi, maza suna juya ƙarafa a kan garwashi, kitse yana ɗiga, jama'a sun yi layi da faranti. Ya dubi abin da aka soke a jikin ƙarafan, fuskarsa ta yi ja.

"Wa ya ba da wannan shawara?"

"Malam, ai haka muke yi kowane biki," in ji Zorka. "Na sa an ajiye maka cinya."

Ya zare hannunsa daga nata, ya gyara tabarau, ya yi magana da muryar da a da take sa aji ya yi tsit.

"Shekaru na yi ina koya muku ladabi, Zorka. A ina kika taɓa jin an karrama akuya da safe, da rana kuma a gasa jikokinta?"