Filin Guguwa

"Wallahi ba mai kafa turke a filin nan!"

Sabo, kyaftin ɗin samarin wani ƙauye da ke gefen Bagwai, ya tare motar jami'a da ƙwallo a hammata. Farfesa Abdulkabir ya sauko yana gyara babbar riga, direba na sauke turaku. Dagaci ne ya ba jami'a filin, za a gwada sabon irin gyaɗa da zarar ruwa ya sauka.

"Samari, ƙwallo ba ta cika rumbu," in ji Farfesa.

"Ranka ya daɗe, ka taɓa jin Guguwa?" Sabo ya tambaya. "A nan ya koyi wasa, ƙafa ba takalmi. Da ya tafi kwaleji Kano, shi ne lamba tara. Babana ya ce in ya ɗauko ƙwallo, gola salati yake farawa."

"Yanzu yana ina?"

Sabo ya girgiza kai. "Ya lalace. Turai aka so kai shi, ya biye wa littattafai. An ce yana can wata jami'a, ya ajiye tumbi, rabin shekara yajin aiki. Da shi muke yi wa ƙannenmu wa'azi."

Samarin suka haɗa baki, "Allah ya kyauta."

Farfesa ya sunkuya ya dubi tumbinsa. Ya ce wa direba ya mayar da turakun cikin mota.

Suna fita daga ƙauyen direban ya ce, "Farfesa, ka san mutumin ne?"

"Ja mota, Kamilu. Rabon da a kira ni da sunan nan tun ba a haife ka ba."