Kirarin Sabulu Mai Zabuwa

Tun da aka kafa dokar hana talla, kowa a Funtuwa yana yawo da ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gero a bayan kunne. Duk kalmar talla da ta doso, sai ƙarfen ya haɗiye ta, mutum ya ji shiru.

Malam Tanimu ya dawo daga kasuwa da sabulu a farar takarda, ba suna, ba hoto. Ya tarar da matarsa Ladidi a kan tabarma, tana kallonsa kamar baƙo. Tsufa ya kwashe mata sunayen 'ya'yanta, yau har da nasa.

"Hajiya, shinshina ki ji," ya ce.

A tukunyar mahaifinta aka fara dafa wannan sabulu, lokacin ana ce wa sabulun Mai Zabuwa. Ita ta yi masa kirari tana budurwa: "Mai Zabuwa, ko tsumma ya je biki!" Gidan rediyo ya ɗauki muryarta, ƙasa duka ta amsa. Tanimu ya so muryar tun bai ga mai ita ba.

Ya durƙusa ya rera mata kirarin. Bai ji kansa ba, ya san ita ma ba ta ji ba.

Amma ta ƙura wa bakinsa ido. Can sai ta fara tafi a hankali, nata bakin yana motsi, tana rausaya.

"Malam," ta ce, "muryata tana nan kuwa?"

A kirarin da ta rera, shi tafin kaɗai ya ji.

"Tana nan, Hajiya. Ko dushewa ba ta yi ba."