Bindigar da Talle Yake Nema

Talle ya danna kunamar bindiga, hayaƙi ya turnuƙe bayan maƙera. Da ya washe, gwangwanin yana nan zaune a kan kututture kamar ba da shi ake ba.

"Ita ma hagu take bauɗewa," ya ce, ya miƙa wa Balarabe maƙeri bindigar ko kallonsa bai yi ba.

Ita ce ta ƙarshe cikin waɗanda Balarabe ya ƙera. Ta fari, in ji Talle, ta cika nauyi, ba a yawo da ita wuni guda a daji. Ta biyu bakinta ya yi faɗi, sai ta watsa zomo kafin a kai shi tukunya. Wata kuma ƙwayar saitinta ce ta yi ƙanƙanta, mutum ba ya ko ganinta.

Duk Agege an san Talle. Tun da ya dawo daga yaƙin Bama, kowace Asabar sai ya bi layin dogo ya shiga daji da amininsa Idi, su dawo da fakara da zomo da gafiya. Matar Idi, Hansai, ita ke gyara naman duka, ta aika wa Talle rabonsa, sauran ta yi farfesu ta sayar wa fasinjoji a tasha.

Idi kuwa abin tsokana ne a zango. Shi ya ɓullo da wai su riƙa harbi tare, don ƙara biyu ta fi ruɗa dabba. Sai ya raɗa, "Yanzu," su saki lokaci guda, sannan ya ruga ya ɗauko abin yana girgiza kai. "Naka ne, soja. Nawa ya tafi gaida bishiya."

A damina zazzaɓi ya ɗauke Idi. Tun daga nan bindigar Talle ta lalace. Ya wanke ta, ya canja albarushi, ya kai an duba bakin. Ya fita sau da dama, ya dawo hannu wofi.

Ga shi kuma ya riga ya karɓi aiki. Wani ɗan kwangila mai yanko katakon layin dogo zai kai leburori dajin bayan Ifo su yi watanni, inda babu kasuwa babu mahauta. Sunan Talle ya ji, ya ɗauke shi don ya riƙa samo musu nama. Ranar Litinin jirgi zai kwashe su. Ɗan kwangilar ya faɗa masa a fili, in tukunya ta kwana babu nama, akwai maharba a Ota masu jira.

Talle ya shiga jirgi har tashar Iddo, ya haye cikin gari wani kanti da ake sayar da bindiga mai baki biyu ta Turai. Ya ɗaga ta, ya ji ta zauna masa a kafaɗa daram. Mai kanti ya tambaye shi lasisi, wanda samunsa sai a yi wata ana zarya. Ya ajiye, ya dawo Agege yana huci, ƙurar gawayin jirgi duk ta ɓata masa riga.

Balarabe ne ya ce masa, "Me zai hana ka gwada ta marigayi? Tana nan rataye."

Talle ya yi tsaki. "Bindigar da ba ta taɓa samun ko ɓera ba?"

Amma Lahadi ta yi, ba shi da wata. Bayan la'asar ya yi sallama a ƙofar Hansai, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba. Ta fito da bindigar a naɗe cikin tsohon zane, ta haɗa masa da wani ƙoƙo cike da gutsattsarin ƙusa, waɗanda Idi ke tsinta a bakin layi ya daddatse.

Talle ya karɓi bindigar, ya tura mata ƙoƙon.

"Bar wannan, Hansai. Shi ya sa Allah ya jiƙansa bai taɓa samu ba. Ni ban taɓa ɗura ƙusa ba tun da nake, harsashin darma nake saya a kanti."

Hansai ta dube shi, ta dubi ƙoƙon.

"Malam Talle," ta ce a hankali, "duk naman da kuka kawo ni na feɗe shi da hannuna, ban taɓa ciro darma ba, ƙusa nake cirowa."