Zanen Bangon Gida

Shekarar da idonta ya rufe, ruwan sama ya wanke zanen da ta yi wa bangon gidansu, irin na matan ƙabilar Ndebele ta kudancin Afirka. Mijinta, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ramin zinariya, ya tsoma gashin kaza a fenti don ya sabunta zanen.

"Tsoho, aikin mata ka koma?" in ji maƙwabci.

Ya ci gaba da jan layinsa.

"Baban yara, layin ya miƙe?" ta tambaya.

Ya dubi aikinsa. "Kamar hanyar awaki."

Ta yi dariya, ta lalubo bango har ta kama wuyan hannunsa.

"Kai duba mana launi. Miƙewar ka bar mini."

Suka ja layi na biyu tare, bai karkace ba.