Guduma Zai Nemi Ramuwa

Sau uku Guduma yana ɗaura igiyar takalminsa tana kwancewa. Yatsun sun ƙi jin magana. Ya zuba musu ido kamar aron su aka ba shi, sannan ya cusa igiyar cikin takalmin ya miƙe.

Babu inda yake masa ciwo, abin da ya fi ɗaure masa kai ke nan. Wanda ya sha naushi zagaye goma sha biyu, ai ko numfashi ya ja ya kamata ya ji a haƙarƙari. Shi kuwa jikin ya yi tsit, kamar an naɗe shi da auduga.

Damben dai yana nan a kansa tar. Abokin karawarsa Bahago ya fi shi tsawon hannu, ya fi shi zafin nama, tun ƙararrawar farko yake ɗirka masa hagu ta inda bai zata ba. Ya faɗi a zagaye na huɗu, ya sake faɗuwa a na tara. Kocinsa ya ɗauko tawul zai jefa a tsayar da wasan, Guduma ya ce masa ta cikin robar haƙori, in ya jefa, to ba shi ba shi har abada. Da aka tashi, cikin alƙalai uku babu wanda ya ba shi ko zagaye ɗaya. Abin da ya biyo baya ne bai riƙe ba. Ya dai san an yi fararen fitilu da warin asibiti.

Amarya ta turo ƙofa da kofin shayi, hannu ɗaya a ƙugu, tsohon ciki ya yi gaba.

"Amarya, wurin Koci za ni," ya ce.

Ta yi ɗan jim, yadda take yi kwanan nan duk sanda ya kira ta. "To, a fara shan wannan. Bari in ɗauko mayafi mu je tare."

Hanyar ta yi masa tsawo. Ya ɗora laifin a kan nauyinta, ko da yake ita ce take tsayawa tana jiran sa. Kanikawan bakin titi da suka saba ɗaga masa hannu da sifana, yau ko kallo bai ishe su ba. Bai yi mamaki ba. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Yana tafe yana zayyana mata shirinsa. Hutun wata uku, sai ƙananan wasanni biyu da waɗanda ba su kai shi ba, don sunansa ya farfaɗo, sannan ya nemi a sake haɗa shi da Bahago. Shekara ashirin da tara ba tsufa ba ne. In ya ajiye safar dambe me ya iya? Gadin ƙofar kanti, ko ya zama buhun da masu tasowa za su riƙa gwada hannu a kansa. Yana jin maganar tana fita daga bakinsa sumul, kamar wani ne yake karanta ta a rediyo. Ita dai "to" take cewa, tana tare masa babura da hannu.

Matakalar ƙarfen gidan horon tana nan, amma da suka hau babu warin gumi da fata. Kekunan ɗinki ne jere har bango. Ya ɗaga kai, ya ga ƙugiyoyin da ake rataye buhunan naushi, sun yi tsatsa, babu komai a jikinsu.

Wani tela mai furfura a gemu ya taso, igiyar awo rataye a wuya. Ita ya fara duba kafin ya dubi Guduma.

"Sannu da zuwa, Zakara. Koci ya ɗan fita. Ya ce a dawo gobe."

Ya jawo masa kujera tun ba a tambaya ba. Guduma ya zauna cikin ƙarar kekuna. Wato har Koci ya tattara ya ba da hayar wurin, ko sallama babu. Ya laluba cikin ƙirjinsa ko zai sami fushi, bai tarar da komai ba. Ya ɗan huta, sannan suka kama hanyar gida.

A ɗaki ta cire masa takalmi, ta ɓallo ƙwayoyi biyu, fara da rawaya, ta tsaya a kansa sai da ya haɗiye.

"Kada ki sa damuwa a ranki," ya ce, yana nuna cikin da haɓa. "Abin da ke nan ba zai tashi ya ji ana yi wa ubansa dariya ba. Zan rama."

Ta juya tana gyara labulen da babu abin da ya same shi. "Allah ya yarda," ta ce.

Aka yi sallama daga baranda. Maƙwabcin nan ne mai ladabi, wanda kullum sai ya durƙusa yake gaishe shi. Ta fita, ta ja ƙofar, amma ba ta rufu duka ba. Guduma ya kwanta yana kallon silin, muryoyinsu suna shigowa suna wucewa ta kansa, babu wadda ta tsaya.

"Kin sake hawa matakalar nan da wannan cikin? Yaya jikin Baba?"

"Kamar kullum," ta ce wa mijinta. "Yau ma marigayiya Mama ya ɗauke ni. Shekara ashirin da shida ke nan yana shirin rama damben da aka yi ina cikin ciki."