Malamar da Ke Tafiya da Baya

Ɗan kawuna Facundo, wanda ko tsani ba ya iya hawa, ya sha ƙasa sau ɗari tara wajen koyon zamiya a dutsen Bariloche mai ƙanƙara kafin tsakar rana. Duk saboda Maite ne, abokiyarsa gwanar zamiya kan ƙanƙara, wadda ya shekara uku yana tsoron furta mata so.

Da ta gaji da ganin faɗuwarsa, sai ta sha gabansa tana zamiya da baya, riƙe da sandunan da yake dogarawa da su.

"Daina kallon ƙafarka, malam, kalle ni."

Ya kalle ta. "Maite, idan na mutu yau, ki sani aurenki na so yi."

Ya runtse ido yana jiran hukunci.

"Na yarda, matsoraci," ta ce tana dariya. "Buɗe idonka, ai tun ɗazu muka sauko."