Ayar da Nake Kakarewa

Ina cikin tankaɗe sai Sama'ila, ƙanen maigidana, ya yi sallama. "Hajo, sai haƙuri. Motar su Malama ta kife a hanyar Makarfi. Allah ya yi mata rasuwa."

Ban yi kuka ba. Na ci gaba da tankaɗena.

Shekara uku tana zuwa gidanmu a Gubuchi bayan la'asar, mu zauna gwiwa da gwiwa. Ban iya duba Alƙur'ani ba, da baki take biya mini. Ko izu huɗu ban cika ba. A Tabaraka akwai ayar da kullum nake kakarewa. Sai ta yi dariya ta ce, "Ɗaliba, yau ma?" ta ɗora ni.

An ce in nemi wata malamar. Ban nema ba.

Malama 'yata ce ta fari. A danginmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta hira da ita. Karatun nan ne kaɗai ya ba ni damar kallon fuskarta. Ayar ma na daɗe da iya ta, dariyar nake so.

Har yau, kullum in na zo wurin, nakan yi shiru in jira.